Wadda Take Ɗaura Zarena a Kumasi

Pune, 14 ga Mayu, 2006

Ƙanena Tikam,

Hari Om. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mutanen gidanka. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwoyin nan da suka juya mini baya. Zafi ya kai inda ya kai, mangwaro ya yi araha, ni kuma likita ya hana ni shi. Ɗana Manohar da matarsa suna gaishe ka. Yaya ciwon sukarinka? Na san ba ka bin doka, tun kana yaro ba ka san "kar ka ci" ba.

To, na ga fim ɗin 'yarka.

Da Nilam ta aiko mini da katin gayyata, cewa za a nuna shi a nan Pune cikin bikin finafinan Indiyawa mazauna waje, sai na ɗauki abin da girma. Na fito da zanena na sari na alharini wanda rabona da shi tun bikin Manohar. Na gayyaci Parpati ta hawa na biyu, ita kuma ta kwaso mata huɗu daga wurin waƙen ibadarmu na ranar Litinin. Na ce musu 'yar ƙanena ce ta shirya shi, a Kumasi aka haife ta, a Landan ta yi karatu. Na zauna a tsakiyarsu ina ta gyara zama.

Da farko dariya aka yi ta yi, kuma ku ake yi wa. Mutanen cikin fim ɗin suna Sindhi, yarenmu, irin ta zamanin mahaifiyarmu Amma, wadda ko a nan babu mai yin ta yanzu, can kuma su juya su ɓarke da yaren Asante. Ga fufu ana tsoma shi a miyarmu ta waken dal. Wani saurayi a bayana ya ce, "Waɗannan ai a gwangwani aka adana su." Parpati ta zungure ni ta ce, "Sundri, haka ɗan'uwan naki yake?" Na ce mata fim ne.

Sai ga yayar jarumin ta fito. Ba a ba ta sunana ba, amma an ba ta tabarauna, an ba ta tawadar Allah da ke gefen hancina, an zaunar da ita a Pune tana rubuta wasiƙa baki a murguɗe. Tana jin ƙanenta zai auri 'yar Asante, sai ta aika wa yarinyar zaren rakhi, ta ce ta ɗaura masa a hannu, wai alamar so ce a wurinmu. Ita yarinyar ba ta san duk wadda ta ɗaura wa namiji wannan zare ta zama 'yar'uwarsa ba, aure ya haramta. Zauren gaba ɗaya ya ɗauki tsaki. Parpati ba ta sake zungurata ba.

Na yi wannan abin, ban musa ba. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma duk da haka ka aure ta, ban ga abin da aka rasa ba. Wanda ya kwashi sirrin gida ya ba yarinya ta haska a bango, shi da Ubangiji. Ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ƙarshen fim ɗin ne ya sa. Ranar rakhi ta zo, ranar da 'yar'uwa take ɗaura wa ɗan'uwanta zare duk shekara, ambulan ya iso daga Pune, jarumin ya zauna a tabarma. Sai ƙanwar matarsa ta shigo da zanenta na Asante, ta shafa masa jan gari a goshi, ta ɗaura masa zaren, ta sa masa alewa a baki. Shekaru suka juya, kansa ya yi fari, ita ce dai. Mutane suka miƙe suna tafi. Matar da ke gabana tana share hawaye tana cewa, "Wannan ita ce 'yar'uwa." Da rubutu ya hau na matso da tabarau na karanta: sadaukarwa ga Bua Dufie. Bua fa, Tikam. 'Yar'uwar uba ake kira Bua, ni kuma a sanina mu biyu Amma ta bari.

Shekara talatin da takwas, tun ranar da ka tafi, ina kitsa zaren nan da hannuna, ban taɓa sayen na kasuwa ba. Kullum sai ka rubuto, "Ya iso, an ɗaura." Ni a zatona malamin haikali ne, ko Nilam da ta girma. Ka gaya mini gaskiya, wa yake ɗaura zarena?

Yayarka,
Sundri

*

Kumasi, 6 ga Yuni, 2006

Adi,

Hari Om. Na taɓa ƙafafunki. Wasiƙarki ta iso jiya, na gane fushin tun daga yadda aka manna kan sarkin a karkace. Muna lafiya. Damina ta sauka, rufin sinima yana yoyo daidai layi na bakwai. Sukari yana nan, muna zaman mutunci da shi. Matata Konadu tana gaishe ki, ta ce ki dinga shafa man kaɗe a gwiwa, ta kuma sa an aiko miki.

Adi, yayata, rayuwata duka a haska wa mutane fim ta ƙare, don haka ki ji daga bakin mai sana'a: fim ba ya tafiya sai da mugu. In ba a samu mai gashin baki ba, sai a ɗauki goggo. Kuma kada ki ga kamar ke kaɗai aka taɓa. Mutanenmu na nan sun ga faifan. Tsoho Hotchand, shugaban haikali, ya daina amsa gaisuwata sai da ka, saboda an nuna yadda aka tsayar da Konadu a bakin ƙofa wajen takalma ranar da muka kai Nilam a sa mata suna. Ya ce yarinyar ta kunyata Indiya a idon duniya. Na ce masa Indiya ba ta ma san da zamanmu ba. Dangin Konadu kuma sun ce an mai da su 'yan rawa da dariya kawai. Ni kaina wani siririn yaro mai sumar kai aka sa ya fito a matsayina, duk Kumasi ta ce tun daga nan aka fara ƙarya. Nilam ta ce in kowa ya yi fushi daidai wa daida, to ta yi adalci.

Saurayin nan mai zancen gwangwani bai yi ƙarya ba. Da na zo jana'izar Amma, mai shayin bakin layinku ya ji maganata ya tambaye ni daga wane ƙauye na fito. A nan kuma har gobe yara Bature suke kirana. Na daina damuwa, inda aka ba ni kujera nake zama.

Labarin zaren farko, Konadu ce ta ba Nilam, kuma da dariya take ba da shi. Takan ce ita kaɗai ce mace a Kumasi da ta auri ɗan'uwanta bisa umarnin yayarsa. Ba ta riƙe ki ba.

Yanzu tambayarki. Gaskiya ne, Dufie ce, ƙanwar Konadu. Shekarun farko matar maigidana ce take ɗaura mini. Da na yi aure, matan Indiyawa suka ɗauke ƙafa daga gidana, malamin haikali kuma sai ciwon kai ya kama shi duk ranar da na je. Rakhin farko bayan auren na zauna da ambulan a cinya har la'asar. Konadu ba za ta ɗaura ba, kin san dalili, sau ɗaya ya isa. Na gwada da haƙori da hannu ɗaya, ya ƙi. Lokacin Dufie tana shekara goma sha shida, tana zaune a wurinmu. Ta ce, "Akonta, kawo," haka suke kiran mijin yaya a yarensu. Tun daga ranar ba ta fasa ba. Yanzu tana da rumfar atamfa a kasuwar Kejetia da jikoki uku, amma ranar rakhi rufe rumfar take yi, ta zo ba ta sa komai a baki ba sai ta ɗaura.

Ban gaya miki ba don na san halinki. Ki yi mini afuwa. Amma ki kwantar da hankali, zarenki a wuri nagari yake sauka, babu wanda ya san hannun nan nawa kamar ta.

Nilam za ta kawo fim ɗin gida, a sinimata, ranar tara ga Agusta da la'asar, daidai ranar rakhi. Na roƙi masu cocin da suke hayar wurin ranar Lahadi su kwashe gangunansu. Ki zo, Adi. Ki zauna a layin gaba, kowa ya ga goggon ba ta da ƙaho.

Ƙanenki,
Tikam

*

Pune, 29 ga Yuni, 2006

Tikam,

Hari Om. Lafiya muke. Ruwa ya sauka a nan ma, gwiwa ta ƙaru. Man kaɗe ya iso, na ba maƙwabciya, kaushinta ya fi gwiwata buƙata.

"Babu wanda ya san hannun nan nawa kamar ta." Na karanta layin nan sau uku, na cire tabarau na goge na sake karantawa, ko idona ne. Na ba matar Manohar ta karanta mini da ƙarfi. Haka yake.

Wane hannun? Wanda na riƙe a jirgin ruwa daga Karachi, kana shekara ɗaya ina takwas, Amma tana kwance tana amai, ni ina saɓe da kai kwana uku? Ko wanda ka ƙona a kaskon burodi a barikin 'yan gudun hijira na Kalyan, na yagi gefen mayafina na ɗaure maka? Ka duba ƙasan babban yatsa, tabon yana nan. Ka tambayi mai atamfa ko ta san inda ya fito.

Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake yi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mijina ya tafi. Ɗana na matarsa ne, haka duniya take. Abu ɗaya nake da shi wanda na ɗauka babu mai raba ni da shi, ni ce 'yar'uwar Tikam. Ashe shi ma akwai mai riƙe mini. Ni in zaɓo alharini, ja da ruwan ɗorawa, in kitsa da yatsun da ba sa lanƙwasuwa, in kai haikali a yi masa addu'a, in bi layi a gidan waya, ita kuma ta yage ambulan ta sha tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma me kake ba ta? Ai ba a ɗaura zare a tashi hannu banza. Kada ka wahalar da kanka, na gani a fim, zane ne na gani na faɗa. Ni cakulan kake aiko mini, mai narkewa a hanya, ga likita ya hana.

Ka ce fim sai da mugu. To me ya sa kullum mugun shi ne wanda ya zauna a gida? Finafinai uku na gani a bikin nan kafin naku, na Kanada, na Landan, da wani na Durban. Duk kanwar ja ce. Wanda ya tafi shi ne mai zuciya, shi ne abin tausayi, shi ne ya rasa ko shi ɗan ina ne. Wadda aka bari a gida ita ce mai baki, mai tabarau, mai hana ruwa gudu. Babu wanda ya ɗauki hoton wadda ta yi jinyar Amma shekara shida, tana juya ta tana wanke ta, ɗanta namiji yana can yana haska wa mutane rawa. Wannan ba ya shiga kyamara.

Yanzu in Parpati ta gan ni a matakala sai ta ce, "Ina labarin Afirka?" Na daina zuwa waƙen Litinin.

Ba zan zo ba. Ba zan zauna a layin gaba ana nuna ni da baki ba. Kuma tunda hannu ya samu wadda ta san shi, sai ya samu mai zare. Ka taɓa cewa akwai shagon Indiyawa a unguwar Adum. Bana ba zan aiko ba, ta saya ta ɗaura.

Sundri

*

Kumasi, 21 ga Yuli, 2006

Adi,

Hari Om. Na taɓa ƙafafunki. Lafiya lau muke, sai 'yar mura da ta zagaye gidan ta fita.

Na duba tabon, yana nan. Ba abin da nake nufi ke nan ba, kin kuma sani. Ni mai yanka tikiti ne, ba marubuci ba, layi ɗaya ya zame mini. Maganar jinyar Amma kuwa gaskiyarki ce. Na karanta wa Nilam wurin a waya, ta ce ba wanda ya taɓa ba ta wannan labarin. Laifina ne, ni ya kamata in ba ta.

Na kira gidanku sau biyu. Matar Manohar ta ce kin ce waya ta labarin mutuwa ce, in ba wanda ya mutu a ajiye.

Zancen ba za ki aiko ba, ban gaya wa kowa ba, don ban yarda ba. Shekarar da na yi aure kin rantse ba ni ba ke, amma watan rakhi na zagayowa sai ga ambulan. Shekarar da ma'aikatan gidan waya suka yi yaji, wani matuƙin jirgin ruwa kika ba ya kawo har ƙofar sinima. Kullum da safe ina biyawa in buɗe akwatin wasiƙu, har ma'aikacin wurin ya fara tsokanata wai budurwa na yi da tsufana. An yi wa sinima fenti. Ina jira.

Ƙanenki,
Tikam

*

Pune, 7 ga Agusta, 2006

Tikam,

Hari Om. Gwiwa da ɗan sauƙi.

Wasiƙarka ta iso shekaranjiya. Ga zaren. Kada ka ɗauka na huce. Tun watan Afrilu na sayi alharinin, kuma ni ba na son asara. Jiya da safe na kitsa shi, ja ya fi yawa don ruwan ɗorawar ya ƙare.

Mutumin gidan waya ya ce kwana biyu ba zai kai ba ko fuka-fuki aka sa masa. Na ce ya aika haka nan. Manohar ya ce in buga maka waya in ce yana hanya, na ce ni ba zan yi lallashi ta waya ba. In ya makara sai ka jira shi. Mai atamfa ma ta jira, ta san cewa sai na aiko take da aiki. 'Yan kwanaki hannu ba zare bai taɓa kashe kowa ba.

Sundri

*

Kumasi, 24 ga Agusta, 2006

Adi,

Hari Om. Na taɓa ƙafafunki. Muna lafiya, Nilam ta koma Landan. Zarenki ya iso ranar Talata. Ki zauna kafin ki karanta sauran, don ba zan rage komai ba.

Ranar rakhi ƙarfe takwas na je gidan waya, akwati wayam. Na dawo na tarar Dufie ta zo, ta shirya faranti da fitila da jan gari da alewa. Dole na gaya musu abin da kika rubuta. Na ce ba komai, a je Adum a sayo. Dufie ta ce a'a. Ta ce, "Akonta, ni ban taɓa ɗaura maka zare ba. Sundri ce take ɗaurawa, ni hannu nake ara mata." Sai a lokacin na tuna abin da kunnena ya saba da shi har ya daina ji. Duk shekara kafin ta ƙulla takan ce da yarensu, "Wannan Sundri ce, ba ni ba ce." Shekara talatin da uku. Nilam ta ɗauki wannan maganar a fim ɗin, daga baya ta yanke ta, wai tana rage wa wurin ƙarfi. Dufie ta yi mata faɗa a kai tun watan Maris, ni ban ɗauke shi a bakin komai ba. Da na rubuta miki shi a watan Yuni, da ba mu zo nan ba.

Ta ɗauke farantinta. Ni kuma na tafi haikali da hannu haka.

Kin san yadda ranar take. Kowane namiji ya naɗe hannun riga, wani zare uku, wani biyar, ana ta miƙa hannu ba gaira ba dalili. Tsoho Hotchand ya dubi hannuna, ya dubi fuskata. Shekara talatin da takwas yana ganin zarenki, ya san kitsonki, yakan ce babu irinsa ko a Bombay. Kin kuma san a wurinmu hannu ba ya zama haka a ranar nan sai an yi rashi. Sai ya rungume ni, mutumin da ya yi wata uku yana gaishe ni da ka. Ya ce, "Yaushe, Tikam? Shi ne ba ka gaya wa kowa ba?"

Adi, ban ƙaryata shi ba. Me zan ce? In ce yayata tana nan da ranta, fushi take da ni? Maza suka kewaye ni, mata suka ja mayafi, malamin nan mai ciwon kai ya kama hannuna ya fara karatu. Shekara talatin da huɗu ba su taɓa riƙe ni haka ba. Na bar ki a mace kusan awa ɗaya. Na ji kunyar faɗin gaskiya, na kuma ji daɗin rungumar, duka biyun, ba zan yi miki ƙarya ba. Sai da Hotchand ya fara zancen ranar da za a yi zaman makoki na buɗe baki. Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya shiga neman takalminsa.

Labari ya riga ni gida. Matar Hotchand ta buga wa Konadu waya ta yi mata ta'aziyya, karo na farko ke nan da ta kira gidana. Konadu da Dufie kuma suka ɗauka a haikali saƙon mutuwarki ya same ni. Na tarar Konadu ta ɗaura baƙi da ja na makoki, tana zaune a ƙasa tana kuka irin nasu mai kiran suna. Sunanki take kira. Tana cewa kin tafi ba ku taɓa ganin juna ba. Dufie tana gefe tana cewa kin mutu kina fushi da ita.

Da na faɗa musu gaskiya, Konadu ta jefe ni da takalmi, kuma ta same ni. Sannan ta dubi hannuna ta ce ba zan shiga sinima a gaban duk gari haka ba, a sake kashe ki. Ta ɗauko zanen kente na aurenta ta zaro zare daga gefensa ta miƙa wa ƙanwarta. Dufie ta ce, "Da sunan wa? Sundri ba ta aiko ni ba." Ni ne na ce mata, "Da sunanki." Ba ita ta nema ba, ki riƙe wannan. Ta ƙulla, ta ce, "Wannan Dufie ce." Na ɗora mata hannu a ka kamar yadda ake yi. Kin fi ni sanin wannan ba ya kwancewa. Yanzu 'yan'uwa mata biyu gare ni.

Sinima ta cika, ruwa bai zubo ba. Da goggon ta fito mutane suka yi mata ihu, ni na fita waje sai da aka wuce wurin.

Zarenki yana kan teburin ibada a cikin ambulan. Dufie ta ce yanzu ba za ta iya ara miki hannu ba, tunda ta riga ta ƙulla da sunanta. Na gwada shi da kaina, sai na ga bai zagaye ba. Na ce bana don fushi kika gajarta. Dufie ta ce a'a, haka yake zuwa. Ya fi shekara ashirin ba ya kaiwa, ita take ƙara masa alharini irin naki ta ƙasa inda ba a gani, kafin in fito daga wanka. Na yi ƙiba, Adi. Ke siriri kika san ni.

Ƙanenki,
Tikam

*

Pune, 12 ga Satumba, 2006

Ƙanena Tikam,

Hari Om. Ina nan da raina, ka gaya wa Hotchand. Gwiwa ma tana nan.

Kwana uku wasiƙarka tana ƙarƙashin matashina. Na so in yi faɗa, na rasa wanda zan yi wa. Na nemi laifin Dufie sama da ƙasa, layi bayan layi, ban samu ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Shekara talatin da uku tana kiran sunana ban sani ba. Na hana zare shekara ɗaya, na ba ta ɗan'uwa da hannuna.

Kada ka zaci kishin ya tafi, ƙaruwa ya yi. Da can da ta cikin fim nake yi, yanzu da ta gaske, kuma ta gasken ta fi ta fim. Mu biyu ne, na ji, ba zan ce ba haka ba. Amma a gaya mata ni ce babba. Nawa ne zai fara hawa, nata ya biyo baya.

Awa ɗayan da ka bar ni a mace, na yafe. Ni na bar ka fiye da haka.

Ka ce wa Bhabhi Konadu, matar ɗan'uwana, ta wanke baƙin zanen nan ta ajiye. A nan na san in na tafi matar Manohar za ta yi kuka daidai misali ta duba agogo. Ban san ina da mai zama a ƙasa ta kira sunana ba. Ina so in ga fuskarta kafin ta sake ɗaura shi.

Manohar ya karɓo mini takardun fasfo. Ya ce tafiyar ta fi awa goma sha biyar da canjin jirgi, likita ya girgiza kai, ni kuma ba shawararsa na nema ba. Baɗi in Ubangiji ya kai mu, ni zan ɗaura. Nilam ta zo in ba ta labarin kakarta, amma ta bar kyamarar a Landan.

Wanda ke cikin ambulan ka bar shi a ciki, ba naka ba ne, na yaron da na raka tashar jirgi ne. Zan kitsa wani. Ka sami igiya ka zagaya wuyan hannunka, ka yanke daidai, ka sa a wasiƙa ka aiko mini. Da kanka za ka auna. Kada ka ba Dufie.

Yayarka,
Sundri